Cinikin da Na Yi Ban Buɗe Bonet Ba

Hauwa, Usman, kun taso kuna jin magana ɗaya a gidan nan, wai ni na hana yayanku Sadiq zama babban ɗan wasa. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma bangon gidajen unguwarmu ta Mount Hope a New York ba shi da kauri, ni kuma ba kurma ba ne. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin nake so in rubuta muku tun ina iya tuna yadda abin ya jeru.

Sana'ata kun san ta. Ina sayen motoci na hannu a filin gwanjo, in gyara abin da zai gyaru, in loda a kwantena zuwa Kwatano da Legas. Ba wanda ya koya mini, tuƙin tasi na bari na shiga. Ƙa'idata ɗaya ce: ba na sayen mota sai na buɗe bonet, na duƙa na leƙa ƙarƙashinta, na ji kukan inji da kunnena. Shekarar da guguwa ta turo teku cikin birnin nan, filin gwanjo ya cika da motoci masu sheƙi waɗanda ruwan gishiri ya riga ya cinye wayoyinsu. Mutane da yawa sun saya daga hoto, sun tafka asara. Ni ko ɗaya ban taɓa ba. Ba don yabon kai na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don ku san irin mutumin da ya yi kuskuren da zan ba ku labari.

Sai na fara da wana, Yaya Garba, wanda ya riƙe ni a Kaduna bayan rasuwar mahaifinmu. A takarda ma'aikacin wata masaƙa ne, amma ban taɓa ganinsa da zare a hannu ba. Don wasa suka ɗauke shi. Yana buga wa kulob ɗin kamfanin ƙwallon ƙafa, yana kuma riƙe musu sanda a hoki, albashi ɗaya wasa biyu. Hokin da na sani ke nan: fili na ciyawa ko tsurar ƙasa, gajeriyar sanda mai lanƙwasa a baki, da ƙwallo mai taurin dutse wadda in ta sami ƙaurinka sai ka yi sati kana ɗingishi. A unguwarmu in Yaya ya wuce da sandarsa a kafaɗa, har masu shayi tsayawa suke su bi shi da kallo. Da wannan wasan ya ciyar da mu bakwai. Shi ya sa da aka haifi ɗana na fari na sa masa sunan Yaya, Abubakar, muke kiransa Sadiq don bakina ba zai iya kiran sunan wana gatsau ba.

Sadiq yana shekara goma sha biyar ya same ni a falo da takardu biyu. Ina kan waya da mutumin da ke fitar mini da kaya a Kwatano. Kamar kullum, da Turanci ya yi magana.

"Baba, sa hannu nake so. Futbol da hoki."

Na kashe wayar ba tare da sallama ba.

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Sun ɗauke ni."

Ban karanta layi ɗaya ba. Na sa hannu a nan, na sa a can, na dafa kansa na faɗi maganar da ta zo ta kama ni daga baya. Na ce, "Matuƙar ina numfashi, ba zan shiga tsakaninka da wasannin nan biyu ba." A ranar na kira Kaduna. Yaya ya riga ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi shi, amma ihun da ya yi sai da na janye wayar daga kunne.

"Takwarana ya ɗauko gida! Ka ce masa ya riƙa sunkuyawa, sanda ba ta son mai girman kai."

Za ku ce, mutum ya yi shekara ashirin a Amurka bai san abin da suke kira futbol ba? Na sani, kamar yadda na san akwai masu hawan dutse. Ba ruwana da shi ne kawai. A garejina 'yan Ghana ne da 'yan Nijar da wani ɗan Senegal, talabijin ɗinmu ƙwallon Ingila take nunawa, kuma in aka ce futbol ƙwallo ake nufi. Sunan da Amurkawa suka ba ƙwallonmu, soka, ban taɓa iya faɗarsa ban ji kamar ana maganar wuƙa ba. Na kuma san tun Sadiq yana ƙarami makarantarsu na kai su zamiya a kan ƙanƙara, amma na ɗauke shi a matsayin lilo, abin riƙe yara kafin iyaye su taso aiki. Da ɗana ya haɗa kalmomin nan biyu a numfashi ɗaya, ba New York na ji ba, Kaduna na ji. Kunnena ya ji abin da yake so.

Shekara biyu ban je kallo ba. Asabar ranar gwanjo ce, kayan wasansa kuma a makaranta yake barinsu. Mahaifiyarku ta ga riguna masu katifa a kafaɗa cikin wanki, ta ɗauka na sani. In ya dawo nakan tambaye shi ƙwallo nawa ya ci, ya ce biyu, ko ɗaya, kuma ba ƙarya yake ba. Ina zaton ya gane ban gane ba, ya yi shiru. A shekarunsa ni ma haka zan yi.

Shekarar da ya cika goma sha bakwai na je gida da damina. Da zan taho, Yaya ya sa aka ciro sandarsa daga ƙarƙashin gado. Ta yi baƙi, zaren mariƙinta ya warware, bakinta ya sha ƙasa har ya siriri. Ya ce in kai wa takwaransa. Na naɗe ta cikin darduma na shigo da ita. Washegarin dawowata, bayan la'asar, muna zaune ana rabon tsaraba. Issaka yana nan, abokina ɗan Kumasi da muka yi tuƙin tasi tare, ya zo karɓar kilishinsa. Na warware dardumar na miƙa wa Sadiq sandar da hannu biyu.

Ya karɓa, ya juya ta, ya dubi bakinta, ya dube ni.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sandar babanka Garba. Da ita ya yi shekara goma sha ɗaya."

"Yana yin me da ita?"

Issaka ya ajiye kilishin. Ya dubi yaron, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ei, Alhaji! Kai ba ka taɓa zuwa ka ga wasan ɗanka ba? Wannan sanda a nan sai dai korar akuya, akuyar ma babu!"

Sadiq ya ɗauko wayarsa ya nuna mini bidiyo. Na ga wani ƙato cikin hular kwano da takalmi mai wuƙa a ƙasa, riƙe da wata sanda da ta kai haɓarsa, yana gudu a kan ƙanƙara kamar an harbo shi. Ya ce shi ne. Ya nuna mini na biyu. Na ga mutane sun jeru sun duƙa, aka yi ihu, suka kara da juna kamar raguna, wani ya rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai ya kutsa tsakiyarsu da ka. Ya ce wannan ma shi ne. Na jira in ga inda ƙafa za ta taɓa ƙwallo, bidiyon ya ƙare ban gani ba.

Ban yi faɗa ba, don ba wanda ya yaudare ni. Asabar ta farko da aka buɗe wasa na bar gwanjo na je. Na zauna kusa da fili, inda ake jin ƙara. Abin da bidiyo ba ya ba ka ke nan. In hulunan suka haɗu, ƙarar irin ta mota ce da ta daki ta gabanta a danja, ƙaramar ƙara mai nauyi, wadda ko fenti bai kankare ba na san wani abu ya gota a ciki. Na ƙirga, a wunin nan kaɗai Sadiq ya sa kansa gaba fiye da sau ashirin. Aikinsa ke nan a kulob ɗin, kuma ya iya shi, jama'a sunansa suke kira. Bayan kwana uku na bi shi atisayen hoki bayan sallar asuba. Can ma ana karo, ana maka mutum da bango, ban ɓoye wa kaina wannan ba. Amma na lura a can aikinsa kaucewa ne. Yana sunkuyawa, yana ja da sanda, yana zamewa ta gefen mutum. Ba wanda ya kai masa saƙon Yaya, amma yadda yake karya ƙugu na Yaya ne sak.

Na riƙe alkawarina. Na ci gaba da zuwa, ban ce komai ba, har wata Asabar da sanyi ya fara shigowa. Aka kara, aka watse, shi ya jima kafin ya tashi. Da ya tashi sai ya nufi bencin abokan hamayya, wani ya juyo da shi. A mota ya tambaye ni ko sun ci, na ce sun ci. Kafin mu kai titin Grand Concourse ya sake tambaya sau biyu. Muka hau sama, mahaifiyarku ta buɗe ƙofa ta ce masa sannu da zuwa, sai ya amsa mata da Hausa.

"Yauwa Mama, ina wuni? Yunwa nake ji."

Rabonsa da ya haɗa mata jimla da Hausa tun yana firamare. Na ga fuskarta ta washe, sannan na ga ta dubi idonsa, murmushin ya tafi. Ko mayafi ba ta gyara ba muka sauka zuwa asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ce ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga. Ta yi ta yi masa tambayoyi har ya amsa cewa wannan ne karo na uku, biyun farko ya ɓoye don kada a zaunar da shi. Ta ce zai warke in ya huta. Amma yaron da yake karo a wasa ɗaya lokacin kaka, ya shiga wani karon da hunturu, kansa ba ya samun lokacin da zai dawo daidai. Ba ta ce in hana shi ba. Ta ce in ya warware, makaranta za ta ba shi fom na komawa fili, kuma tunda bai cika sha takwas ba, sai da hannuna.

Fom ɗin ya zo bayan sati uku. Kocin futbol da kansa ya biyo shi har gareji. Mutumin kirki ne a ganina, yana son yaron. Ya ce mutanen jami'o'i za su zo kallon wasannin ƙarshe, biyu daga cikinsu Sadiq suke tambaya, karatu kyauta. Ya ce a tarihi an yi 'yan ƙalilan da suka ci abinci da wasannin nan biyu, kuma a shekarunsa na koyarwa bai ga yaron da ya yi kusa da haka kamar ɗana ba. Na saurare shi har ƙarshe. Na tambaye shi abu ɗaya: in aka sake bugunsa karo na huɗu, me zai faru? Ya ce hulunan yanzu sun inganta ƙwarai. Na san wannan amsar. Ita nake ji in na tambayi mai mota lafiyar giya, ya fara yaba mini tayoyi.

A gida kuma mahaifiyarku ta tsaya a kan nata.

"Alhaji, duka biyun za a bari. Ban haifi yaro don a riƙa gwada ƙarfin bango da kansa ba."

"Na yi masa alkawari, Hajiya."

"Ka yi wa ƙwallon Kaduna alkawari. Wannan ka san shi lokacin da ka rantse?"

Ƙofar fita ce ta buɗe mini, kuma ƙofa ce mai kyau. Na ƙi bi. A sana'ata in ka sayi mota ba ka duba ba, ba ka komawa ka ce ba ita kake nufi ba. Ka saya. Na kira Yaya na gaya masa komai, har da abin da na ɓoye masa tun dawowata. Da ya ji hokin takwaransa a kan ƙanƙara ake yi da wuƙa a ƙafa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na kai kan maganar likita sai dariyar ta tsaya.

"Ka ga yadda nake tafiya yanzu," in ji shi. "Wasa biyu na yi, gwiwa biyu na bayar. Ban yi nadama ba, don mai ciwon gwiwa yana sallarsa a zaune. Wanda kansa ya tafi fa, yaya zai yi tasa?"

"To alkawarin fa, Yaya?"

"Kai ka yi shi. Kada ka ɗora mini."

Ranar Lahadi bayan azahar na kira Sadiq falo. Fom ɗin na kan tebur, biro a kansa, shi ya ajiye su haka tun safe. Na ce masa hoki zai ci gaba in likita ta sallame shi, futbol kuwa ba zan sa hannu ba, ba bana ba, ba baɗi ba in har hannuna ake nema. Ya tsaya a tsaye. Wannan karon da gangan ya yi Hausa, yana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kada in ce ban gane ba.

"Ka ce matuƙar kana numfashi."

"Na faɗa."

"Kana numfashi, Baba."

"Ina yi. Na karya alkawarin. Ba zan ce maka ban yi shi ba, ba kuma zan ce ban san abin da nake faɗa ba, don rashin sanin ma laifina ne."

"To ni me na yi?"

"Ba ka yi komai ba."

Ya ɗauki biron ya bar fom ɗin. Abin da nake so ku gane shi ne wannan. Duk cinikin da na taɓa yi ido rufe, ni nake ɗaukar asararsa. Wannan kaɗai ne na yi kuskuren, wani ya biya. Da na je na duba tun ranar farko, da na hana shi yana sha biyar, ya yi fushin sati ya manta. Na bari sai da ya zuba shekara biyu, ya ga ƙofar jami'a a buɗe, sannan na ja ta. In kuka tambaye ni me ya sa na bar hoki alhali can ma ana bugun kai, zan ce don abin da na gani a atisaye. Amma ba zan rantse muku cewa ba don akwai sanda a ciki ba ne. Sanda na santa. Mahaifiyarku ta yi wata guda tana gaishe ni kamar baƙo, don a ganinta rabin aiki na yi.

Yaron da ke zaman jiran Sadiq a benci shi ya buga wasannin ƙarshe, shi kuma aka ɗauka jami'a. Sadiq ya gama makaranta ya tafi wani ƙaramin gari a Kanada, kulob ɗin hoki na matasa, ya zauna a gidan wasu Turawa. Shekara uku tsakanina da shi gaisuwa ce. Lafiya lau, Baba. Sanyi da sauƙi, Baba. Ga Mama. A cikin shekarun nan Yaya ya rasu, bai ga takwaransa a kan ƙanƙara ba sai a waya. Ku kuna ƙanana, abin da kuka gani shi ne yayanku ba ya zuwa Sallah, kuma kun san wanda za ku ɗora wa.

Wata ranar Talata ina ƙarƙashin wata mota wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce wani kulob a ƙaramin rukuni zai ɗauke shi da albashi, ba mai yawa ba, sun ba shi takardar kwantiragi. Na ce Allah ya sa albarka.

"Ban sa hannu ba tukuna, Baba. Ina so ka buɗe bonet."

Ya turo takardun. Hauwa, ke kika karanta mini su a teburin kicin, ba ki san me ake ciki ba. Na kira shi na ce takarda hoto ce, ni kuma ba na saye daga hoto. Na rufe gareji na kama hanya, wuni guda ina tuƙi. Na ga filin, na ga motar da ke kai su wasa, har tayoyinta na duba. Na nemi mai kula da lafiyarsu na tambaye shi, in yaro ya bugu a ka, wa yake da ikon cewa ya koma fili, shi ko koci? Ya amsa abin da na tambaya, bai kauce ba. Na zauna na kalli atisaye daga farko har ƙarshe. Da muka fito Sadiq ya buɗe but ɗin motarsa zai sa jaka, na hango sandar Yaya a ciki, an sake naɗe mariƙinta da farin tef. Shekara uku ina zaton mahaifiyarku ce ta zubar da ita. Ya sa jakar ya rufe but ɗin.

Ya shimfiɗa takardar a kan bonet ya miƙo mini biro. Na ce masa yanzu ba hannuna ake nema ba. Amma in da kulob ɗin mota ce, jiki ya sha hanya, inji lafiya, za ta yi tafiya. Ya sa hannu. Shekara huɗu ya yi yana cin abinci da sanda, kamar mai sunansa, ya kuma bari da ƙafarsa da hankalinsa.

Amma a ranar, bayan ya ninke takardar, ya tsaya yana kallon filin ajiye motoci, ya ce da ni ba tare da ya juyo ba:

"Da na iya duka biyun, Baba."

Na yi tunanin ƙarar hulunan nan, na yi tunanin yadda jama'a ke kiran sunansa. Ban taɓa sayar wa mutum abin da ban tabbatar ba, ba kuma zan fara da ɗana ba.

Na ce, "Mai yiwuwa."

Har yau amsar da nake da ita ke nan, gare shi da gare ku.